Bargo Mai Nauyi da Barcin Tsofaffin Sojoji

Ciwo da rashin barci abokan tafiya ne. Wanda ciwo ya hana shi runtsawa, washegari ciwon kan ƙara masa tsanani, daren da ya biyo baya kuma ya fi na jiya wuya. Wannan hali ya yi katutu a tsakanin tsofaffin sojojin Amurka, musamman waɗanda suka komo daga yaƙin Iraƙi da na Afganistan da ciwon baya, da na gaɓoɓi, da mafarkan firgita. An daɗe ana ba su magungunan kashe zafi dangin ofiyom, har illarsu ta sa hukumar kula da tsofaffin sojoji ta ɓullo da shirin rage su a 2013. Cikin neman madadi ne aka waiwayi bargo mai nauyi.

Shi wannan bargo ana cusa masa ƙananan duwatsun gilashi ne, ko siririyar sarƙa, domin ya danne jiki baki ɗaya. Masana na ganin irin wannan danna takan kwantar da jijiyoyi, kamar dai yadda tausa ke yi, ko goyo ga jariri.

A 2020 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun wallafa sakamakon gwajinsa da suka yi a kan mutum 120 masu rashin barci tare da larurar damuwa. Bayan mako 4, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka lulluɓa da mai nauyin kilo 6 zuwa 8 sun sami sauƙi ƙwarai. A cikin masu bargo sakayau kuwa, kashi 5 ne kacal. Batun ciwo bai kai haka armashi ba. Gwajin da aka yi a Jami'ar Kaliforniya ta San Diyego a kan mutum 94 ya nuna cewa bargon ya rage yadda ciwo ke damun mai shi, musamman mai yawan fargaba, amma bai rage zafin kansa ba. Watau dai zuciya yake lallashi, ba rauni yake warkarwa ba.

Sai dai duk gwaje-gwajen nan biyu ba a kan sojoji aka keɓe su ba, alhali kuwa tsohon soja yana da tasa matsalar. Da yawansu na fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma ɗora wa irin wannan mutum kilo 8 a ƙirji ba tare da shawarar likita ba kasada ce. Haka nan wanda gini ya taɓa ruftawa da shi a fagen fama, nauyin da ke kwantar da hankalin wani shi ne zai iya tashe shi a firgice.