Fursunonin Da Suka Ƙera Jiragen Ruwa Da Ƙashin Miya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gaɓa a Apapa ya san girman jirgin ruwa. To, akwai waɗansu jiragen da mutum zai iya ɗora su a tafin hannunsa, amma ba abin da suka rasa: ga igwa, ga igiyoyi, ga filafilai, har da ƙananan kwale-kwale a kansu. Da yawa daga cikin waɗanda aka fi ji da su a duniya, ba a masana'anta aka yi su ba. A kurkuku aka ƙera su, da ƙashin da ya saura bayan an ci tuwo.

Asalin abin shi ne yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815, waɗanda suka ƙare da karya Napoleon a Waterloo. A cikin waɗannan shekaru Ingilishi sun kama sojoji da matuƙa jirgi na Faransa fiye da 100,000. Waɗansu aka zuba su cikin tsofaffin jiragen yaƙi da aka ɗaure a Portsmouth da Plymouth da Chatham. Waɗansu kuwa aka kai su gidajen kurkuku na tudu, kamar Norman Cross da aka buɗe a 1797, da Dartmoor da ya fara karɓar fursunoni a 1809.

Zaman ba daɗi. Ga sanyi, ga cunkoso, ga cuta. A Norman Cross kaɗai annobar zazzaɓi ta kashe fursunoni fiye da 1,000 tsakanin 1800 da 1801. Abincin da hukuma ke bayarwa bai wuce na riƙe rai ba. Wanda ke son ƙarin burodi, ko taba, ko rigar sanyi, sai ya nemo kuɗi da kansa. Hukuma ta yarda a riƙa cin kasuwa a bakin ƙofar kurkuku, mutanen gari su zo su sayi abin da fursunoni suka yi. Hausawa na cewa da zaman banza gara aikin kishiya. Nan fa masu sana'ar hannu suka tashi tsaye.

Kayan aiki kuwa sai abin da ya samu. Ana ba su naman shanu a cikin rabonsu, saboda haka suka riƙa tara ƙasusuwan. Sai a dafa ƙashin har maiƙonsa ya fita, a kankare, a shanya har ya yi fari. Daga nan a tsaga shi siriri-siriri kamar tsinken sakace. Yawanci ana fara sassaƙa gangar jirgin da itace, sa'an nan a bi ta da ɓallin ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ana kafe kowane da 'yan mitsi-mitsin ƙusoshi na tagulla, daidai yadda kafinta ke jera katako a jirgin gaske. Igiyoyi kuwa da zaren siliki ake yin su, ko gashin doki, wani lokaci ma da gashin kan mutum. A waɗansu jiragen, in aka ja wani ɗan zare a baya, sai igwogin su koma ciki gaba ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne da Faransawa suka gwanance a wannan aiki. Garin Dieppe na bakin tekun Faransa ya daɗe da yin suna wajen sassaƙar hauren giwa, wanda jiragen fatake ke kawowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Sauran kuma matuƙa ne da suka san kowace igiya da inda take ɗaure. Ba su da taswira ko ma'auni a kurkuku, da ka suke aiki. Shi ya sa masana ke lura cewa sandunan filafilan waɗansu jiragen sun fi ƙima tsawo. Da yake kuma Ingilishi ne masu saye, sau da yawa sai a ƙera jirgi mai fasalin Faransa a laƙaba masa sunan jirgin Ingila. Ciniki ke nan.

Domin mai karatu ya gane irin ƙanƙantar da ake magana, ga misali. Masu wannan sana'a na zamanin yau suna da ma'aunin da ake kira 1:1200, wato inci ɗaya a madadin ƙafa 100. Shahararren jirgin yaƙin nan Victory, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, tsawon daɓen igwoginsa ƙafa 186 ne. A wannan ma'auni bai kai inci biyu ba, amma dole a nuna igwoginsa fiye da 100. Fursunonin ma sun yi waɗansu 'yan ƙanana masu tsawon inci kaɗan, suka sanya su cikin akwatunan da aka ƙawata da karan alkama, da madubi a baya don a ga kowane gefe.

Ba kowa ne ya ci riba ba. Waɗansu sun tara abin da suka samu, suka koma gida da jari bayan sulhun 1814. Waɗansu kuwa caca ta cinye su, har a Dartmoor aka sami waɗanda suka saka tufafinsu da rabon abincinsu a caca, suka zauna tsirara cikin hunturu. Kurkuku ɗaya, rabo ɗaya, amma ƙarshe ya bambanta.

An rushe Norman Cross a 1816. Jiragen kuwa suna nan. Ana iya ganin su a gidan tarihi na Peterborough, da na harkokin teku a Greenwich ta birnin Landan, da na makarantar sojan ruwa a Annapolis ta Amurka. Yawancin maƙeran ba a san ko sunayensu ba, domin ba su rubuta a jikin aikin ba. Sun dai bar shaida cewa wanda ke da sana'a a hannu, ko an raba shi da gida, ba a raba shi da abinci ba.