Jamusancin Kasuwa: Yadda Ake Cewa "Zo" da "Jira" Ba Tare da Ɓata wa Kowa Rai Ba

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Ɗan kasuwar da ke sayen motocin hannu daga Hambug ta waya, da uwar da jikokinta suka tashi a Jamus, duka suna bukatar 'yan kalmomin sa mutum aiki. Sai dai kalma ɗaya tak na iya gyara ciniki ko ta ɓata shi.

Hulɗar Gure da Jamusawa ba yau ta fara ba. A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Heinrich Barth, haifaffen Hambug, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure wajen Sarkin Muniyo Koso a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram. Hausa da Barbarcin da ya koya su suka buɗe masa ƙofofi. To, yau mu ke da bukatar nasu harshen.

Abu na farko, Bajamushe na da "kai" iri biyu. Akwai "du" na aboki, ɗan'uwa da yaro, ba ruwansa da mace ko namiji. Akwai kuma "Sie", ana faɗinsa "zii", na baƙo da babba, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Jamusancin yau na "du" ne.

Ga na yau da kullum. "Komm" shi ne zo. "Warte", a faɗe shi "varte", jira. "Nimm", karɓa. "Gib mir", ba ni. "Schau", a faɗe shi "shau", duba. "Setz dich", zauna. "Pass auf", yi hankali. "Ruf mich an", kira ni a waya.

Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauki "du kommst", wato kana zuwa, a yar da "du" da "st" na ƙarshe, sai a samu "komm". Haka "du nimmst" ke komawa "nimm". In yara da yawa ne, sai a ce "kommt", ku zo.

Amma fa "komm" tsurarsa umarni ne mai kaushi. Gishirin miyar shi ne "mal" da "bitte". "Schau mal" na nufin ɗan duba mana, "warte bitte" kuwa don Allah jira. Hajiya, in jikanki ya nufi murhu, "pass auf" ta isa. In aikensa za ki yi, ƙara masa "mal".

Hattara: kada a ce "du" ga dilan da ba a saba da shi ba, balle ma'aikacin gwamnati. A Jamus ce wa ɗan sanda "du" da raini na iya jawo tara. Can sai "Kommen Sie bitte". A al'adarsu babba ne ke ba da izinin a koma "du".

Batun ya wuce ciniki. Tun 2007, galibi matar da za ta bi mijinta Jamus sai ta nuna takardar jin Jamusanci ta matakin farko, A1, kafin ta sami biza. Tashar DW, wadda ke watsa shirin Hausa tun 1963, na da darussa kyauta a intanet.

Kalma biyu a rana, kafin wata an tara sittin. Allah ya ba da kasuwa.