Filin Ƙwallon Tamale: Ko Gini Kaɗai Na Iya Raya Gari?

A duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan ta Gana, da wuya a rasa ɗan takarar da zai hau dandamali ya yi wa matasa alƙawarin gina musu katafaren filin ƙwallon ƙafa, tare da bayanin cewa filin zai kawo baƙi, ya buɗe kasuwanni, ya kuma samar wa marasa aiki abin yi. To mu a nan Tamale ba sai an ba mu labari ba, domin kuwa namu filin yana tsaye tun shekarar 2008, kuma masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ya kamata mu zauna mu yi lissafi, mu ga abin da ya kawo mana da abin da ya gaza kawowa.

Idan mai karatu bai manta ba, an gina filin ne domin gasar cin kofin ƙasashen Afirka da Gana ta karɓi baƙunci daga ranar 20 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairun 2008. Kamfanin Shanghai Construction Group na ƙasar Sin ne ya yi aikin, shi ne kuma ya gina ɗan'uwansa na Essipong da ke Sekondi. Filin yana ɗaukar 'yan kallo sama da 20,000. A shekarar 2017 aka sa masa sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, wanda ya rasu a 2012.

Babu mai musun cewa a waɗancan makonni gari ya yi armashi. Ƙasashen Tunisiya da Angola da Senegal da Afirka ta Kudu sun kara a nan, Kamaru ta lallasa Sudan da ci 3 da nema, sannan ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Masu masaukin baƙi sun samu, direbobin tasi sun samu, haka ma iyayenmu mata na Moshi Zongo da Aboabo da Sabonjida masu sayar da koko da ƙosai da waina da shinkafa da wake. Sai dai kuma duka-duka wasanni 7 aka yi a Tamale, cikin ƙasa da mako biyu. Aka watse, baƙi suka koma inda suka fito, aka bar mu da gini.

To daga nan ne lissafi ya fara. Gasar firimiya ta Gana tana da ƙungiyoyi 18, wato kowace ƙungiya wasa 17 take yi a gida a kakar wasa guda. Kwana 17 ke nan cikin kwana 365. Mai tsire ko mai ruwan leda da ya dogara da ƙofar filin, me zai ci a sauran kwanakin? Wannan ma sai idan ƙungiyar gari tana cikin gasar. Ƙungiyarmu ta Real Tamale United, wadda ta fito da Abedi Pele, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2013, ba ta dawo ba sai 2021, ta sake faɗawa a 2024. Ita ma Tamale City da ta hau a 2022 kaka ɗaya ta yi ta sauko.

Abu na biyu shi ne, kuɗin wa ake kashewa a filin? Idan matashi daga unguwarmu ya sayi tikiti da sidin da ke aljihunsa, kuɗin da zai kai wa tela ko mai shayi ko gidan kallon ƙwallo ne ya karkatar. Babu sabon kuɗi da ya shigo gari, hannu kawai ya canza. Gari ba ya ƙaruwa sai baƙo ya zo daga Kumasi ko Akra ko Bolga ya kwana, ya ci, ya saya. Masana tattalin arziki biyu na Amurka, Roger Noll da Andrew Zimbalist, sun tattara bincike a kan wannan batu a wani littafi da ya fito a 1997, inda suka nuna cewa filayen wasa ba su cika ƙara wa birane arziki ko ayyukan yi kamar yadda masu neman a gina su kan yi alƙawari ba.

Abu na uku kuwa shi ne kulawa. Sayen doki daban, harawarsa daban. Ciyawar fili a ƙasa irin tamu mai dogon rani da iskar hunturu tana son ruwa kullum, a garin da unguwanni da dama ke fama da ƙarancin ruwan famfo. Ga kuɗin lantarki, ga albashin ma'aikata, ga gyaran rufi da kujeru. Filin Essipong da aka gina tare da namu ya shafe shekaru yana lalacewa, har rufinsa ya yi tsatsa. A watan Satumban 2024 hukumar CAF ta janye amincewarta da filin Baba Yara na Kumasi saboda rashin kyawun ciyawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ba kuma Gana kaɗai ba ce: a Barazil an gina wani makeken fili a birnin Manaus domin gasar cin kofin duniya ta 2014, wasanni 4 aka yi a cikinsa, daga baya ɗawainiyarsa ta zame wa gwamnatin jihar kaya.

Amma fa adalci shi ne a faɗi alherin filin. A nan Black Stars ta doke Gini da Togo a 2014, ta yi canjaras da Yuganda a 2016. A nan Asante Kotoko ta ci Hearts of Oak 3 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA a 2017. A nan aka yi bikin cikar Gana shekara 62 da samun 'yancin kai ranar 6 ga Maris 2019, tare da shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou. Mawaƙan garin nan irin su Fancy Gadam da Maccasio sun cika shi maƙil. Duk ranar da ya cika, gari kan ji a jikinsa. Wannan ya nuna mana cewa taron ne ke kawo ciniki, ba siminti da ƙarfe ba.

In kuwa ana maganar abin da ke riƙe da Tamale kullum ta Allah, sai a duba kasuwar Aboabo da babbar kasuwa, inda ake hada-hadar masara da shinkafa da doya da gyaɗa da kaɗanya. A duba Jami'ar UDS da aka kafa a 1992, wadda ɗalibanta ke kama haya suna cin abinci wata da watanni. A duba babban asibitin koyarwa, da filin jirgin sama da alhazanmu suka fara tashi daga cikinsa kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki a 2016. Waɗannan ba su jiran ranar wasa.

Don haka kiranmu ga hukumar wasanni ta ƙasa da majalisar birni shi ne, tunda fili ya riga ya samu, a sa shi aiki. A ware kuɗin gyara duk shekara, a bayyana wa jama'a abin da ke shiga da abin da ke fita. A jawo gasannin makarantu da baje kolin amfanin gona da manyan tarurruka. Masu hannu da shuni kuma su tallafa wa ƙungiyoyin gida da ƙananan filayen unguwa, domin daga ƙungiyar Steadfast ta nan garin Abdul Fatawu Issahaku ya taso har ya kai Leicester ta Ingila.

Ga 'yan'uwanmu na sauran garuruwa da ake yi wa alƙawarin sabon fili kuwa, kafin ku tafa, ku tambaya: wa zai buga a ciki, kwana nawa a shekara, wa kuma zai biya kuɗin ruwa da wuta? Allah Ya sa mu dace.