Wasan Yaƙin Hitila A Kan Allo: Yadda Ake Ba Mai Rauni Rata

Duk wanda ya taɓa zama gindin dara a zango da yamma ya san ba abin da ke kashe wasa kamar a san wanda zai ci tun ba a jefa ɗa ko ɗaya ba. 'Yan kallo sai su watse, wanda ake ci kullum kuwa ya tsiri uzuri ya daina zuwa. Irin wannan matsala ce ta sami wani shahararren wasa na ƙasar Amurka mai suna Axis & Allies, kuma dabarar da masu yinsa suka fito da ita ta isa a ba da labarinta.

Wani Ba'amurke mai suna Larry Harris ne ya ƙago wasan. Ya fara fitowa a 1981, sa'an nan kamfanin Milton Bradley ya buga shi a 1984, daga nan ya bazu. Allon wasan taswirar duniya ce kamar yadda take a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, watau wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Har ƙasar Bama, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi da Japan, tana kan allon. Ƙasashe biyar ke karawa: Jamus da Japan a gefe guda, Rasha da Ingila da Amurka a ɗaya gefen. Kowace ƙasa tana karɓar kuɗin wasa gwargwadon yankunan da ke hannunta, ta sayi mayaƙa da su. A bugun 1984, sojan ƙasa kuɗinsa 3 ne, tankar yaƙi 5, jirgin saman yaƙi 12. In an gwabza kuwa, ƙwaya irin ta lido ake jefawa ta raba gardama.

To, a bugun 1984 ɗin, Jamus tana farawa da 32, Japan da 25, jimla 57 ke nan. Rasha tana da 24, Ingila 30, Amurka 36, jimla 90. Bugu da ƙari Rasha ce ke fara wasa. Lalle Jamus da Japan suna da mayaƙa da yawa a bakin daga tun farko, amma in ba su yi nasara da wuri ba, arzikin abokan gabarsu sai ya rinjaye su. Da mutane suka gwanance, sai suka gane cewa in Amurka ta yi ta ɗibar sojan ƙasa a jiragen ruwa tana kai wa Turai, Rasha kuma ta tare gabas, to Jamus ba ta da mafita. Haka yaƙin ya ƙare a 1945, amma wanda ya zauna sa'o'i huɗu ko biyar gaban allo ba tarihi ya zo maimaitawa ba, so yake ya ci.

Akwai gyare-gyaren da aka fara gwadawa. Ɗaya shi ne a hana Rasha kai hari a zagayen farko. Wani kuma a ba Jamus jiragen sama masu ƙarin ƙarfi, a ba Japan jiragen ƙarƙashin ruwa na musamman tun daga farko. Sun rage matsalar, sai dai ratar da ta ishi gwanaye ta yi wa sababbin hannu yawa, wadda ta dace da sababbi kuma ba ta ishi gwanaye ba.

Daga baya masu wasan da kansu suka koma ga ciniki, irin na neman kwangila inda mai ƙaramin farashi ke samu. Kafin a fara, sai a yi tayin ɓangaren Jamus da Japan. Misali, wani ya ce zai riƙe shi in an ƙara masa 24. Abokin karawarsa ya ce shi 21 ta ishe shi. Na farko ya sauko 18. In ɗayan ya ga ba zai iya ƙasa da haka ba, sai ya sallama. Wanda ya tsaya a 18 ya karɓi ɓangaren, ya sayi sojan ƙasa shida, ko tankoki uku da soja ɗaya, ya jera su a yankunansa. Da yawa sukan zuba su a Libiya domin su ƙwace Masar da mashigin ruwan Suwez tun a zagayen farko.

Hikimar abin ita ce ba wani alƙali da ya yanke ratar. Mai kwaɗayi da ya nemi da yawa, abokinsa zai karye farashi ya ƙwace ɓangaren. Mai cika baki da ya sauko ƙasa ƙwarai, shi zai ɗanɗana kuɗarsa a kan allo. Ta haka kowa ya shiga wasa da abin da bakinsa ya furta, in an ci shi ba shi da wanda zai zarga.

Ba wannan wasa kaɗai ke ba da rata ba. A wasan Go na ƙasashen Sin da Japan, mai rauni yakan fara da duwatsu har tara a kan allo. In kuwa gwanaye biyu ne, a Japan ana ƙara wa wanda ya yi wasa na biyu maki shida da rabi tun 2002, rabin nan domin kada a yi kunnen doki.

Shi ma Axis & Allies an sake fasalinsa sau da yawa. A babban bugun 2010, wanda ke farawa daga 1940, sai reshe ya juye da mujiya, gwanaye suka ga Jamus da Japan ne ke da rinjaye, aka koma yin tayi a kan ɓangaren su Ingila. Dokar cinikin dai ba ta sake ba.

Saboda haka in aka sami gwanin dara ko na diraf da ya gagari kowa a unguwa har mutane suka fara gudunsa, ba sai an tashi majalisa ba. A tambaye shi 'ya'ya nawa zai iya ajiyewa kafin a fara, a yi ciniki a gaban jama'a, a zauna a buga.