Kanwa, Zoborodo da Buret: Yadda Ya Kamata a Fara Kemistiri a Argungu

A jarrabawar WAEC akwai wata rana da ɗaliban ajin kimiyya ke jira gabansu na faɗuwa, wato ranar firatikal ɗin Kemistiri. Awa biyu ce kacal. Za a ajiye wa yaro kwalabe biyu, ɗaya an rubuta A, ɗaya B, ga wata doguwar kwalba siririya mai layukan awo da famfo a ƙasa, wadda ake kira buret, a ce ya gano yawan asid ɗin A da zai kashe kaifin abin da ke cikin B. A makarantu da dama na ƙasar nan, makon jarrabawar ko wanda ya gabace shi ne karo na farko da hannun yaron ke taɓa buret. Shekara uku ya yi yana kwafar hotonta daga allo.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ya saba. A zuƙo mililita 25 na ruwan B da fifet, wani siririn bututun awo, a juye a kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga ɗigo biyu ko uku na metil orenj, ruwan ya zama rawaya. Sai a buɗe famfon buret da hannun hagu, dama tana jujjuya kwalbar, asid yana sauka. Da farko ba abin da ke faruwa. Can sai ka ga inda ɗigon ya faɗa ya yi ja na ɗan lokaci ya ɓace. Nan mai hankali ke rage gudu, ɗigo ɗaya, a jujjuya, ɗigo ɗaya, a jujjuya, har launin ya juye gaba ɗaya ya tsaya. A durƙusa ido ya daidaita da saman ruwan a karanta awo daga ƙasan lanƙwasarsa. A maimaita har awon ya zo kusan ɗaya. Wanda bai saba ba, famfon ke kuɓuce masa, asid ya kwarara, ruwa ya yi jajir, ya rasa inda canjin ya faru. Daga nan sai leƙen takardar na kusa, ko jiran wani ya raɗa masa lambar da zai rubuta. Kowa ya san ana haka, ba a dai faɗi.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce babu kayan aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma rabin darasin ajin farko yana kasuwar Argungu, a farashin da bai kai na katin waya ba. Duk matar da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san idan tsami ya yi yawa kanwa ake jefawa, tukunya ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Wannan kumfar iskar kabon dayoksaid ce, kuma abin da ya faru a tukunyar shi ne ke faruwa a kwalbar jarrabawa, domin mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyom kabonet ne da bayikabonet, irin gishirin da ake yawan narkawa a kwalbar B. Zoborodo kuwa yana iya tsayawa a madadin metil orenj a darasin farko. Jiƙa shi a ruwan zafi, ka raba a kofi uku na gilashi. Matsa lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske. Zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a na uku, ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Sannan ka riƙa ɗiga lemun a cikin na ukun, ka ga jan yana dawowa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai buƙaci haddar ma'anar asid da kishiyarsa ba.

Haka batun raba abubuwan da suka cakuɗe, wanda littafi ke fara shi da zanen mazurari da takardar tacewa. A ɗebo ruwan Matan Fada da damina, lokacin da yake ja da laka, a jefa ɗan alam a kwalba ɗaya a bar ɗayar haka. Kafin a tashi darasi lakar ta dunƙule ta kwanta. Ɗaya ke nan daga matakan farko a gidajen ruwa na zamani, kuma dama ce ta gaya wa yara cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu, sai an tafasa ko an sa kulorin. Masu gishirin kwarin Foga, can tsallaken iyaka a yankin Dosso, tun zamanin kakanni suke kankare ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa ya tsiyaye, su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishiri: narkarwa, tacewa, ƙafarwa, babi guda cur na manhaja.

Sai dai a nan nake rabuwa da masu cewa kayan gida sun wadatar. Mai miya tana jefa kanwa da ƙiyasi, ta ɗanɗana, ta ƙara. Kemistiri yana farawa ne daga tambayar giram nawa, a cikin ruwa nawa, kuma in wani ya maimaita a Jega ko Yawuri zai sami amsa ɗaya? Zoborodo zai nuna maka cewa launi ya canza, amma buret da sikeli ne za su faɗa maka adadi. Makarantar da ta tsaya a kofin zoborodo ta nishaɗantar da yara ne kawai.

Kuma adadin nan yana da amfani a garin da ke rayuwa da shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, kuɗin da ake zubawa a taki da maganin feshi a fadamun Rima ba kaɗan ba ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, domin kashi 46 cikin ɗari ne. Buhun NPK 15-15-15 mai nauyi ɗaya yana da kilo 7.5 kacal na naitirojin, sauran amfaninsa a fosfaras da fotasiyam yake. Ɗalibin aji biyu na babbar sakandare ya kamata ya iya yi wa babansa wannan lissafi a bakin shagon taki, ya kuma bayyana masa dalilin da ya sa yuriyar da aka watsa a saman ƙasa aka bar ta a rana take tashi ta bi iska a matsayin amoniya. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ya isa ya nuna tsadar rashin sanin abin da ke cikin ƙura.

Koyar da Kemistiri da hannu ba sabon ra'ayi ba ne. Justus von Liebig, da ya kama aiki a jami'ar Giessen ta Jamus a 1824, ya sa ɗalibansa tsayuwa a gaban tebur suna awo da kansu, kuma tsarinsa ne duniya ta kwaikwaya. Ga masu ƙaramin ƙarfi, cibiyar RADMASTE ta jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ta fito da ƙananan kayan gwaji na roba, inda ɗigo kaɗan ke yin aikin da dā sai cikin kwalba, hukumar UNESCO ta taimaka aka yaɗa su a ƙasashe da yawa. A nan gida ma akwai cibiyar ƙera kayan kimiyya ta gwamnatin tarayya a Minna.

Maganar ta fi dogara ga malami. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana nan cikin Argungu tana yaye malamai, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Malamin da ya fito daga ɗayansu ya kamata ya iya haɗa ruwan A da B da kansa daga ɗanyen sinadari, ya san asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da ke tashi zai watso shi a fuska. Duk mai cajin batir a bakin tasha zai ba ka labarin abin da ruwan batir, wanda shi ma asid ne, ke yi wa riga da fata. Malamin ya hana yara zuƙar fifet da baki, ya nemi 'yar robar zuƙa. Ya kuma matsa wa shugaban makaranta a buɗe ɗakin gwaji tun zangon farko na aji ɗaya, ko da buret goma ne za a riƙa karɓa-karɓa a kansu, yara huɗu-huɗu a tebur, kowa ya riƙe famfon da hannunsa kafin a kaɗa ƙararrawa.