BABI NA BIYU: RAYUWAR BALARABA RAMAT YAKUBU DA SANA'ARTA TA RUBUTU

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi rayuwar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da yadda ta gudanar da sana'arta ta rubuta ƙagaggun labarai. Manufa a nan ita ce a nuna cewa abubuwa biyu ne suka yi wa rubutunta jagora, wato halin da ta tsinci kanta a ciki tun tana yarinya, da kuma kasancewarta mai buga littattafanta da kanta.

2.1 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Balaraba a birnin Kano a shekarar 1959. Ita ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Duk da irin wannan gida da ta fito, karatunta na boko bai yi nisa ba, domin an cire ta daga firamare, aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta shiga ajin karatun manya, inda ta ƙware wajen karatu da rubutu da Hausa. Wannan ne ya sa Hausa ta zama harshen rubutunta, kuma mata masu irin matsayin karatunta suka zama sahun gaba cikin waɗanda take yi wa rubutu.

2.2 Yadda Take Fitar da Littafi

Kafin shekarun 1980, marubucin Hausa yakan miƙa rubutunsa ne ga kamfani irin su NNPC da ke Zariya, su tace, su buga, su rarraba. Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. A wannan yanayi ne Balaraba ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, a 1987.

A wancan lokaci, marubuci mai cin gashin kansa shi ne komai na littafinsa. Zai rubuta labari da hannu, ya kai a buga masa a keken rubutu, ya nemo mai zanen bango, ya biya ƙaramar maɗaba'a daga aljihunsa, sannan ya kai wa 'yan kasuwa. Sau da yawa bashi suke karɓa, sai sun sayar su biya. Saboda ƙarancin jari ne ma marubuta da dama suke raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu, domin cinikin na farko ya buga na biyu. Don rage wa juna wannan nauyi, Balaraba da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da wasunsu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama a Kano.

Wannan tsari yana da riba, yana kuma da hasara. Hasararsa ita ce rashin edita, abin da ke jawo kurakuran ƙa'idojin rubutu. Ribarsa kuwa, babu wanda zai ce wa marubuciya ta cire maganar auren dole ko ta sakin wulaƙanci don kada a ɓata wa wani rai.

2.3 Jigoginta da Salonta

Ko da yake ana sa littattafanta a rukunin littattafan soyayya, idan aka lura za a ga zaman aure ya fi damunta a kan zancen saurayi da budurwa. A cikin Wa Zai Auri Jahila? (1990), an cire Abu daga makaranta, aka aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama abin nema ga wanda a da ya guje ta saboda jahilci. Kusancin wannan labari da rayuwar marubuciyar a fili yake. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) kuwa, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu. Rabi ta riƙe gida da sayar da abinci, shi kuma gobara ta cinye shagonsa.

Salonta mai sauƙi ne, irin Hausar da ake ji a tsakar gida, cike da habaici da karin magana. Haka kuma takan kafa hujjarta da haƙƙoƙin da Musulunci ya ba mace, ta yadda zai yi wuya a ce baƙuwar aƙida ta kawo.

2.4 Matsayinta a Idon Manazarta

A shekarun 1990 an yi muhawara mai zafi a jaridu kan irin waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da ƙarko, shi kuwa Abdalla Uba Adamu ya kare su. Abin da ya biyo baya ya taimaka wajen auna wannan saɓani, domin a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, shekara 22 bayan fitowarsa.

2.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa rashin kamfanin ɗab'i bai hana Balaraba rubutu ba, hasali ma shi ya ba ta damar faɗin abin da ke ranta. Saboda haka, duk mai nazarin littattafanta ya kamata ya haɗa da sanin rayuwarta da kasuwar da suka fito daga cikinta. A babi na gaba za a warware jigon Wa Zai Auri Jahila? dalla-dalla.