Bahaguwa da tsinken saƙa: kuskuren yana ga wurin zama

Hunturu na ƙaratowa, kuma duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ko Ƙonni zuwa Illela ya san daga watan Nuwamba har Fabrairu hular sanyi da safar jarirai ba su kwana a rumfa. Duk da yawan bosho da ke cika kasuwa, har yanzu akwai mata da ke ci da ƴaƴansu da saƙar hannu. To amma akwai waɗanda ake kora daga wannan sana'a tun ba su soma ba, wato bahagwai. Ni ɗaya ce daga cikinsu.

Masana sun ce kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, har ma an ware musu ranar 13 ga Agusta tun 1976. A wajenmu kuwa abin da bahago ya fi sani shi ne a buge masa hannu. Ci da dama ladabi ne da addini ya koyar, babu gardama, sai dai tsinken saƙa ba tuwo ba ne.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fara koya mini, na zauna a gefenta ina kwaikwayo. Ita tana ɗebo zargen zare daga tsinken hagu zuwa na dama, ni kuma hannuna na so ya yi akasin haka. Hulata ta farko ta fito da huji uku, bakinta ya tsuke har ba ta shiga kan ɗan kwana bakwai. Na warware, na sake. Na sake warwarewa. Zaren ulun ya nannaɗe kamar taliya, sai da na jiƙa shi na shanya kafin ya miƙe. Inna ta ce in haƙura in koma tuyar ƙosai.

Ranar da abin ya warware, rana ce ta kore ni daga inda na saba zama, na koma gabanta muna fuskantar juna. Nan na ga ikon Allah. Hannunta na dama ya dawo daidai da haguna, kamar mai kallon madubi, abin da ta yi sai in yi shi yadda nake ganinsa. Sati biyu ban kuma huda hula ba.

To amma fa matsala ba ta ƙare nan ba. Mai saƙar madubi tana tafiya ne daga hagu zuwa dama, saboda haka duk ragin da aka tsara ya karkata dama, nata hagu zai karkata. Na taɓa saƙa rigar jariri kafar maɓalli ta fito a ɗaya gefen. Idan kuma ka naɗa zaren ta baibai, zargen ya murɗe, saƙar ta yi tauri ta ƙi buɗewa. Ko almakashi ma don na-dama aka ƙera shi, a hagu tauna zare yake yi.

Akwai wata hanyar ga wadda ba ta son wannan lissafi: ta bi tafiyar kowa, amma ta riƙe zaren a yatsan hagu, yadda ake yi a Jamus da wasu ƙasashen Turai. Saƙar tsinke biyu dama aikin hannu biyu ce, ba kamar kwarashi ba. Ni dai madubin ya fi mini.

Bara wani ɗan kasuwa ya sari huluna 20 a hannuna ya tsallaka iyaka da su. Ya jujjuya, ya ja bakin kowace ya ga tana komawa, ya yi ta taya kuɗi har muka daidaita. Bai tambaye ni da wane hannu na saƙa ba. Yanzu ƴan mata biyu bahagwai ke zuwa gidana bayan la'asar, ga su nan a gefena. Ta ukun na-dama ce, ita nake zaunarwa a gabana.